Malam Ɗaya-ɗaya

Bangon da ya raba ajina da nasa bai kai rufi ba. Ko bulo ne ya ƙare wa magini, ko kuwa bulon ya bi wata hanya, oho, an dai bar sarari a sama wanda akuya za ta iya tsallakewa in ta sa kanta. Saboda haka duk abin da aka faɗa a aji biyar ina jin sa a aji huɗu, har tarin malaminsu. Shi ya sa in aka zo maganar mutumin da yara ke kira Malam Ɗaya-ɗaya ba na bari kowa ya riga ni buɗe baki.

In ka gan shi yanzu, dogo ne ramamme, furfura ta fara yi masa sallama, yana tura keke da jaka a rataye. Shi ke riga kowa zuwa, shi ke rufe aji bayan kowa ya tafi. Amma in uban wani yaro ya tare shi a hanya, gaisuwa kawai zai yi ya hau kekensa. Mutanen unguwa na cewa girman kai ne. Ni na san ba shi ba ne, don ina wurin aka yi abin da ya mai da shi haka.

Ɗan autan wata mai wankau ne. Ubansa ya rasu yana goye, yayarsa ce ta riƙe shi da keken ɗinki har ya gama kwalejin malamai. Ya taɓa faɗa mini cewa shi kansa bai iya karatu ba sai da ya faɗo daga bishiya ya karye a cinya, ya kwanta wata da watanni. Wani tsoho maƙwabcinsu da zaman gida ya ishe shi ne ya riƙa zuwa da tsofaffin jaridu yana zama kusa da shi, yana ɗora masa yatsa a kan harafi. Tun daga nan ya sa wa ransa cewa babu yaro daƙiƙi, sai dai yaron da ba a zauna kusa da shi ba.

Ranar da ya kama aiki ya zo da takalmi yana ƙyalli, da jaka cike da kwalayen da ya yanka ya zana wa haruffa, da allinsa na kansa, har da tsumman goge allo da yayarsa ta kalmashe wa baki. Hedimasta ya gabatar da shi a ofishin malamai, ya ce ya ɗan ce wani abu. Da "Allah ya ba mu zaman lafiya" kawai ya ce, ya nemi wuri ya zauna, da ya huta. Sai ya ce shi ya zo ne don ya canza rayuwar yara.

Malamin lissafi yana ɓare gyaɗa, ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "To madalla. In ka gama da su, ka zo ka canza tawa."

Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma na ga abin ya sosa masa rai. A ranar ya fara kira na Inna, ban kuwa hana shi ba, don ɗana na fari ya girme shi.

Ga yadda ake karatu a makarantarmu, kuma wanda bai taɓa tsayawa gaban yara fiye da ɗari ba kada ya ɗaga mini hanci. Malami ya rubuta layuka a allo, ya nuna da sanda ya karanta, aji ya amsa. A yi ta maimaitawa har kwanon rufi ya ɗauka. In jarrabawa ta zo malami ke karanta tambaya da amsoshin, yara su yi alama a kan wadda suka zaɓa. Rubutu kuwa kwafa ne daga allo, kamar mai zana fure a jikin matashi. A haka wasu ke kama karatu kamar yadda ake kama mura, ba wanda ya san ranar da ya shige su. Sauran su wuce aji na gaba, don babu inda za a ajiye su.

Makonnin farko bakin sabon malami har kunne. Yakan leƙo ajina lokacin hutun tara ya ce, "Inna, yaran nan wuta ne. Sau biyu kawai nake karanta musu." Ni kuwa in ce masa Allah ya ƙara basira, in ci gaba da abin da ke gabana.

Wata safiya ya jingina da allo yana bayani, bayan rigarsa ya share layukan ƙasa bai sani ba. Ya juya ya ɗauki sanda, aji ya ɗauki karatu daga sama. Suka gangaro tiryan-tiryan, suka iso inda babu komai sai baƙin allo, suka karanta wannan ɗin ma har aya. Daga ajina na ji muryoyin sun ɗauke. Can na ji ƙarar alli. Ashe layukan ya sake rubutawa, ya mai da na ƙasa sama, na sama ƙasa. Ya nuna na farko, suka karanta masa tsohon na farko da ƙarfinsu. Daga nan sai na ji ana jan tebur a kan siminti, da muryarsa yana cewa, "Ku zo ɗaya-ɗaya." Sunan da ya bi shi ke nan har yau.

Kwanaki ya yi yana kiran su. Yaro ya zo ya tsaya, a ɗora masa yatsa a kan kalma, ya yi tsuru-tsuru, a ce ya koma. Waɗanda suka iya ba su cika benci biyu ba. Duk wannan bai karya shi ba kamar yarinyar da ake kira Rediyo.

Ta zauna a ajina shekarar da ta gabata, na san ta sarai. 'Yar siririya ce mai manyan idanu, kullum kayanta a wanke ko da sun koɗe. Abu in ya shiga kunnenta sau ɗaya ya zauna ke nan, har da tarin malami da inda ya ja numfashi, shi ya sa 'yan ajin suka laƙaba mata sunan. Ita ke zuwa ta ɗaya tun daga aji ɗaya. Ita ke jan baƙi in baƙo ya zo, ita hedimasta ke tsayarwa a gaban taro. Da layi ya zo kanta ta taho da fara'arta. Ya nuna mata kalma a tsakiyar shafi. Ta dube ta, ta dube shi, ta ce, "Malam, fara mini daga farko." Ya ce a'a, wannan ɗin yake so. Ko harafin farko ba ta sani ba.

Da aka tashi ya shigo ajina ya zauna a bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Ya ce, "Inna, kin san ba ta iya ba?"

Na ce, "Na sani."

"Kowa ya sani?"

"Duk wanda ya taɓa riƙe alli a nan ya sani. Ita ce kaɗai ba ta sani ba, sai yau."

Ya dube ni kamar na zagi mahaifiyarsa. Na bar shi ya gama kallon, don ni ma na taɓa yi wa wata tsohuwa irinsa.

Abin da zan yaba masa, bai tsaya zagin kowa ba. Ya bi shaguna ya tattara marafan kwalba, ya rubuta harafi a cikin kowanne, ya riƙa zaunar da yaran rukuni-rukuni a ƙasa lokacin tara suna haɗawa suna rabawa. Rediyo ta ƙi zama. Yarinyar da ake tafa wa a taro ba za ta tsuguna tana wasa da marfin kwalba a gaban waɗanda take yi wa dariya ba. Sai an tashi, kowa ya watse, take dawowa kamar ta manta wani abu. Ina jin su ta saman bango, shi yana ja a hankali, ita tana bi, wani lokaci ta fashe da kuka don haushi, ta share ta ce a sake. Kanta kuwa yana ja. Kafin wata ya zagayo ta san haruffa kaf, ta fara haɗa biyu-biyu.

Matsalar lokaci ce. Ba ta iya tsayawa sai ɗan kaɗan, don da an tashi take kai wa ubanta abinci a tasha, ta tsare masa kaya in ya zagaya. Uban mai gyaran takalmi ne. 'Ya'yansa da yawa, matarsa ba ta da cikakkiyar lafiya, kuma a cikinsu duka wannan kaɗai ya bari ta yi nisa a makaranta, saboda ita ce mai kai. Malam ya lissafa cewa in ya sami awa guda kullum, kafin ƙarshen zango za ta karanta shafi. Sai ya ce zai je ya roƙi uban.

Na ce, "Je ka. Ka ce masa gasa za a yi, kana shirya ta. Zai ba ka awa biyu ma, har ya goge maka takalmi."

"Ƙarya ke nan, Inna."

"Ƙarya ce. In ta iya karatun, ka je ka ba shi haƙuri."

Ya girgiza kai. Wai uba yana da hakkin ya san halin da 'yarsa ke ciki. Wai abin da ya lalata makarantar ke nan, kowa na rufa wa kowa asiri. In iyaye suka san gaskiya za su taso, a dole a gyara. Ya ɗauka mutumin zai yi fushi da mu. Ni na san ba mu za a yi fushi da mu ba, don mu ba a gidansa muke kwana ba. Na faɗa masa haka, ya ce in yi haƙuri, zamani ya canza. Da na ga ba ya ji ba ya gani, sai na yafa mayafina na bi shi, ko zan taka masa birki.

Rumfar uban tana jikin katangar tasha, buhu ne aka ɗaura a kan sanduna. Takalma a jere, gwangwanaye, zare, da tsofaffin jaridu da yake naɗe wa mutane kaya a ciki. Rediyo na zaune a gefe da kwanon abinci. Da ya ji malaman 'yarsa ne ya miƙe da sauri, ya kakkaɓe benci da hularsa, ya aika a kawo mana ruwa. Kafin mu ce komai ya fara ba mu labarinta. Duk direbobin tashar sun san ta, in ji shi, yakan sa ta ta yi musu karatun makaranta su yi ta mamaki. Ya ce, "Ni ban yi ba, Malam, amma ga wadda ta yi mini."

Na taka wa Malam ƙafa. Ya janye ƙafarsa ya yi bayaninsa. Cikin ladabi ya yi, ban ce ya yi rashin kunya ba. Ya ce yarinya tana da kai irin wanda bai taɓa gani ba, laifin makaranta ne ba nata ba, amma gaskiya har yanzu ba ta iya karatu ba, haddacewa take yi.

Uban ya yi dariya. Ya ɗauki gwangwanin man takalmi ya miƙa mata ya ce, "Uwata, karanta wa malaminki." Ta karɓa, ta faɗi sunan man. Wa zai zauna a rumfar nan shekara da shekaru bai san sunan man ba? Uban ya dube mu yana murmushi, ya ce, "To ka ji."

Nan ne Allah ya buɗe wa Malam ƙofa. Da ya ce to, alhamdu lillahi, amma a ƙara mata awa guda don ta ƙware, da an rabu lafiya. Har na buɗe baki zan faɗa a madadinsa. Sai ya sunkuya ya zaro jarida daga ƙarƙashin takalman, ya ɗora yatsa a tsakiyar wani layi, ya ce, "Karanta nan."

Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ba mugunta ba ce, so yake a yarda da shi, kuma a lokacin nan ya manta da wadda ke tsaye a gabansa. Direbobi biyu da wani mai shayi sun matso suna kallo. Ta dubi layin, leɓɓanta na motsi. Na tabbata ta gane haruffan, don na ji ta tana koyon su, amma kalmar doguwa ce, ido kuma ya yi mata yawa. Ta tsaya har hawaye ya ɗiga a kan takardar.

Uban bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya karɓi jaridar ya linke ya mai da ita inda take, ya zauna ya ɗauki basilla da takalmin da yake ɗinki. Ya ce, "Shekara biyar." Ya soka basillar ya ja zare. Malam ya shiga bayanin awa guda da ƙarshen zango, mutumin yana ta gyaɗa kai. Da ya gama ya ce, "Na gode, Malam. Ka faɗa mini abin da ba wanda ya faɗa mini. Ku gaida gida."

Washegari ba ta zo makaranta ba, haka jibi. Labari kuwa ya zaga tasha ya shiga unguwa. Iyaye suka taso kamar yadda ya yi fata, sai dai ba makaranta suka nufa ba. Kowa ya kira ɗansa ya miƙa masa kwalin ashana ko ledar sabulu ya ce ya karanta. Yara suka riƙa zuwa da shatar bulala a ƙafa. Wasu ba su ƙara zuwa ba, aka raba su garejin kanikawa da shagunan kasuwa. A aji biyar aka fara samun wurin miƙe ƙafa, abin da ban taɓa gani ba tun da na fara aiki. Hedimasta ya kira Malam ofis ya wanke shi tas, malamin lissafi kuwa ya ce masa, "Ka cika alkawari, ka canza musu rayuwa." Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Malam ya yi ta sintiri zuwa rumfar nan. Kullum uban zai karɓe shi da mutunci, ya kakkaɓe masa benci, ya ce ana dubawa. A ƙarshe ya faɗa masa cewa ƙanwarsa da ke aure a wani gari mai nisa ta daɗe tana roƙon a ba ta yarinyar ta taya ta aikin gida da raino, shi yake hanawa yana cewa karatu take yi. Yanzu ba shi da abin da zai ce mata. Baki ɗaya kuma zai ragu a gidan.

Ranar tafiyar Malam ya shigo ajina tun ba a kaɗa ƙararrawa ba, idanunsa jajur. Ya ce, "Inna, ke babba ce, zai ji nauyinki." Na san ba abin da zai canza, amma na bi shi.

Mun tarar an riga an ɗaure kaya a saman motar. Rediyo na zaune a bakin ƙofar motar da ƙullin kayanta a cinya, gwaggon tata a gefe, wata mai jiki da ba ta amsa gaisuwarmu da kyau ba. Uban na tsaye. Na yi magana iya yina, na haɗa shi da Allah, na ce ya ba mu zango ɗaya tak. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malama, na ji, kuma na gode. Amma na riga na ba da ita."

Duk wannan abin da ake yi, yarinyar ba ta dubi kowa ba. A jikin ƙofar motar, daidai fuskarta, akwai wani rubutu da aka yi da jan fenti. Sai na ga ta ɗaga yatsa ta ɗora a kansa. Murya ƙasa-ƙasa ta fara, "A... ru... fe." Ta matsa gaba. "A... ha... har..." Ta tsaya, ta koma baya da yatsan, ta sake duba harafin. "Han... ka... li. A rufe a hankali."

Malam ya kama hannun uban da hannu biyu. "Ka ji? Baba, ka ji ta? Wallahi karantawa ta yi."

Uban ya ce, "Kwandasta na faɗin haka sau nawa a rana, Malam. A tashar nan ta girma."

"A'a, ba ka ga ta yi kuskure ta koma ta gyara ba? Mai hadda ba ya yin haka. Wannan shi ne karatun, shi nake faɗa maka."

Mutumin ya zare hannunsa a hankali. Ba fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai. Ya ce, "Rannan ta faɗa tar, ba gargada, ka ce ba ta iya ba. Yau ta yi ta in'ina, ka ce ta iya. Ni ban yi makaranta ba, Malam. Ka bar ni haka."

Yarinyar ta dubi ubanta, ta ga bai yarda ba. Ta dubi malaminta. Sai ta sauke yatsanta ta mai da shi cikin ƙullin kayan. Kwandasta ya ce a gyara ƙafa, ya ja ƙofar ya buga ta da ƙarfi, motar ta fita daga tasha.

Uban ya koma rumfarsa. Mu kuma muka kama hanyar makaranta, yana tura keke ina biye. A bakin ƙofar ajinsa ya tsaya ya daɗe, hannunsa a kan mariƙin, yaran da suka rage suna ta hayaniya a ciki. Na ce masa ya shiga, suna jiran sa. Har na yi ritaya yarinyar ba ta dawo garin ba, kuma duk wanda ya zo daga can ya ce yana ganin ta da goyon ɗan gwaggonta, tana ɗibar ruwa a famfo.